Ɗalibar da Ba Ta Jin Tsawata

Litinin, 1 ga Satumba

Manaja ta kira ni ofis da safe, ko takalmi ban gama ɗaurewa ba. Wai iyaye sun sake kawo ƙarata. Wai ina yi wa yara tsawa, har wata uwa ta janye 'ya'yanta daga ajin Laraba. Na ce, "Ranki ya daɗe, doki fa ba kujerar falo ba ce. Idan yaro ya saki linzami, lallashi zan tsaya yi?" Ta ce ai ba ta ce ban iya aiki ba. To me ya rage?

Tun kafin wasu iyayen nan su daina fitsarin kwance nake koyar da hawa. Duk wanda ya fita daga hannuna ya iya zama a sirdi, wannan ko maƙiyina ya sani. Kuma na san sunan da suke kirana da shi a bayan barga: Lasifika. Su yi ta kira.

Da na ba maiɗakina labari sai ta ce, "Ai sun yi maka alfarma. Lasifika ana iya rage mata murya." Har da ita.

Manaja ta ce ranar Asabar akwai sabuwar ɗaliba, babba ce ba yarinya ba, kuma ni ta ba wa. Tana faɗa tana wani murmushi da ban gane kansa ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Yanzu na gane murmushin.

Ɗalibar kurma ce. Ba ta ji ko kaɗan, tun wani zazzaɓi da ta yi tana ƙarama. Za ta yi shekara talatin, siririya, ta zo da hular kwanonta ja wur wadda ta saya da kanta, shi ya sa na sa mata Jar Hula. Yayanta ne ya kawo ta, wani mai ƙiba da ke ta sharce gumi tun kafin rana ta yi zafi. Shi ne tafinta, da hannu suke magana.

Na yi mata sannu da zuwa, ta kalle ni kawai. Na ƙara murya. Yayan ya ce, "Malam, ko maƙogwaronka zai tsage, ba za ta ji ba." Masu share barga suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Na gan su.

Na kai ta wajen Gwaggo, tsohuwar goɗiyar da muke fara ɗora kowa a kai, wadda ko ganga aka buga a kunnenta sai ta gama tauna ciyawar bakinta. Amma ita Jar Hula sai ta wuce ta tsaya gaban baƙin dokin nan, Akawal, ta miƙa masa bayan hannu ya shinshina. Babu wanda ya koya mata haka. Na ce wa yayan, gaya mata wannan sai nan gaba, in ma an kai.

Ta hau Gwaggo, na ja su muka zazzaga fili. Ba ta da tsoro, wannan na yarda. Sauran kuwa... mu bar shi.

Litinin, 8 ga Satumba

Na ce wa Manaja ta ba wani ɗalibar nan. Ta ce, "Ba kai ne ka ce babu wanda ba za ka iya koya wa ba?" Ni na faɗa, kuma gaskiya na faɗa. To shi ke nan.

Asabar, 13 ga Satumba

Aiki ya ƙi ci, kuma ba laifina ba ne. Ni ina tsakiyar fili, yayan yana jikin shinge. In na yi magana sai ta waiwaya ta kalle shi, in ta waiwaya sai hannunta ya bi kanta, linzami ya ja, Gwaggo ta nufi shinge. Haka muka yi ta yi kamar masu wasan yara.

Sannan na lura da wani abu. Na ce, "Ta sauke duddugenta ƙasa." Kalma nawa ce? Amma mutumin nan ya yi ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, fuska a tsorace. Na ce, "Malam, me ka gaya mata?" Ya ce wai ya ce ta riƙe sirdi da kyau, in ta gaji ta sauko, kada ta tilasta wa kanta. Na ce ni na ce haka? Ya ce, "Ai ƙanwata ce."

Na ce ya koma can ƙarƙashin rumfa ya zauna, ya sha ruwa. Ya yi ta gunaguni amma ya tafi.

Da muka rage mu biyu sai na rasa abin yi da bakina. Ta ciro waya daga aljihu, ta rubuta, ta miƙo mini daga kan doki: "Ina iya karanta leɓe kaɗan. Amma gashin bakinka ya rufe naka."

Gashin bakina! Wanda na fi shekara ashirin ina kiwo.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na je wajen wanzami ya rage shi. Saboda zafi ne, ya dame ni kwana biyu. Maiɗakina ta buɗe ƙofa ta ce, "Sannu, bawan Allah, wa kake nema?" Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Asabar, 20 ga Satumba

Leɓe yana aiki in ina gabanta, kusa. In ta juya baya ko ta yi nisa, babu. Saboda haka yau na ɗaura wa Akawal sirdi na hau, na shiga gabanta, abin da na yi ta yi. Rabona da hawa a lokacin darasi har na manta. Tsayuwa nake yi a tsakiya in ba da umarni, haka manyan malamai suke yi.

Amma fa har yanzu ina nan. Bayana a miƙe, hannuna ba ya rawa. Na ga masu share barga sun ajiye tsintsiya suna kallo. To su kalla, su san Lasifika ba baki kaɗai ba ne.

Mun tsara alamu: in na taɓa hulata, ta ɗaga kai ta kalli gaba. In na bugi cinyata, ta matsa da ƙafa. In na ɗaga tafin hannu, ta tsaya. Sau ɗaya nake nunawa ta riƙe. Da yaran Laraba haka suke da ban tsufa da wuri ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Gwiwoyina. Wayyo. Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Yau sassarfa. Nan ne kowa yake shan wuya, don dole ka riƙa tashi kana zama daidai da takun doki, in ba haka ba ya yi ta jijjiga ka kamar buhu a bayan mota. Yadda nake koyarwa kullum shi ne in yi ta ƙirgawa da ƙarfi, "Sama! Ƙasa! Sama! Ƙasa!" har ya shiga jikin mutum. To yau wa zan ƙirga wa?

Na gwada da hannu, ina ɗagawa ina saukewa. Ta kalli hannun sai ta makara. Ta sha jijjiga har na tausaya wa bayan Gwaggo. Can sai ta tsaya, ta yi mini alamar in dakata. Ta ɗora tafinta a kafaɗar goɗiyar, ta lumshe ido, ta sa na ja su da doguwar igiya. Zagaye na farko ba komai. A na biyu sai ga ta tana tashi tana zama kamar an haife ta a kai.

Bayan ta sauko ta rubuta mini cewa a maɗaba'a take aiki, wajen buga littattafai, kuma da tafin hannu take sanin ko inji yana tafiya daidai. Wai doki ma inji ne, sai dai yana da ra'ayi. Na yi dariya har Akawal ya ɗaga kai.

Ni dai na san shirin da na yi mata a makonnin baya ne ya sa ta kama da wuri.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ajin yara. Wata ƙarama mai kitso biyu ta zura ƙafa cikin likkafa har idon sawu. Na daka mata tsawa ta fashe da kuka. Uwar na rumfa, ta kalle ni kamar na yanka mata akuya.

Su ba su taɓa ganin doki yana jan mutum a ƙasa da ƙafa maƙale ba. Ni na gani. Gara kuka.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na ɗora Jar Hula a kan Akawal. Manaja ta ce ba a yi sauri ba? Na ce ni ne malamin ko ke? Yana da ɗan zafin kai amma ba mugu ba ne, kuma ya fi sonta a kan kowa a wurin nan, har da ni da nake ba shi dusa. Tana shigowa barga yake fara haniniya. Na rubuta mata cewa yana kiranta. Ta ɗora hannu a wuyansa ta jira ya sake, don ta ji da tafinta. Sai na juya na shiga gyara majayin sirdi, duk da ba abin da ya same shi.

Tafiya da sassarfa duk lafiya lau. Ban yi kuskuren zaɓi ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ta faɗi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Jiya ban iya rubutu ba. Bari in faɗa yadda ya faru.

Iska ta taso. Akwai wani fallen kwano a jingine bayan rumbun ciyawa, sai ya kife a kan siminti da wata irin ƙara. Akawal ya zabura ya zuba da sukuwa. Ni ina ƙasa a tsakiyar fili, ita ta ba ni baya.

Na yi ihu. "Ja gefe ɗaya! Karkato kansa! Gefe ɗaya!" Na yi ihun da ban taɓa yi ba, har mutanen ofis suka fito. Kowa a wurin nan ya ji ni, ban da mutum ɗaya.

Ta riƙe fiye da yadda na zata, ta kusa zagaye filin. A kwana ne ya watsar da ita. Ta faɗi a kan hannun hagu. Da na isa tana zaune cikin yashi, ta riƙe wuyan hannun, ba kuka, tana waige-waigen inda dokin yake.

Yayan ya ture ni gefe. A bakin mota ya ce, "Kai ka kore ni daga shinge. Kai ka ce ka san aikinka." Asibiti sun ce tsagewar ƙashi ce, an ɗaure.

Faɗuwa dai kowa yana faɗuwa. Wanda bai faɗi ba bai hau ba. Haka nake gaya wa kowa.

Talata, 28 ga Oktoba

Manaja ta ce an rufe maganar, ba za ta sake ɗaukar wannan kasadar ba, yayan ma ya ce ba za ta dawo ba. Ta ce ba laifina ba ne, fallen kwano ne. Na ce na sani.

Amma ina wanke wa Akawal kofato sai abin ya tsaya mini a rai. Yadda ake tsayar da doki in ya ƙwace, ban taɓa koya mata ba. Ba ita kaɗai ba, ban cika koya wa kowa tun da wuri ba. Ina bari ne sai ranar ta zo, in faɗa daga tsakiyar fili, su bi muryata. Kuma yana aiki. Kullum yana aiki, tunda ina nan.

Tunda ina nan, kuma suna ji.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na karɓi kwatancen maɗaba'ar a ofis na je. Maiɗakina ta haɗa ni da lemo da ayaba, ta ce kada in je hannu rabbana kamar mai karɓar haraji.

Ban taɓa shiga wuri mai ƙara irin wannan ba. Injuna suna ta bugawa, ƙasa tana rawa, warin tawada har cikin maƙogwaro. Na tambayi wani a bakin ƙofa, ya ga bakina yana motsi kawai. Na ƙara murya, ya nuna kunnensa ya girgiza kai. Ni! Na tsaya da leda a hannu kamar wanda ya ɓata a tasha.

Ita ta hango ni daga can ƙarshen ɗaki, hannu a rataye a wuya, tana duba takardu da ɗayan. Ta yi wa wata abokiyar aikinta alama daga nesa, waccan ta amsa, suka yi dariya. Duk rabin ma'aikatan sun koyi maganar hannu a wajenta, don ta fi musu sauƙi a cikin ƙarar nan.

Muka fita baranda. Abin da ta fara rubutawa: "Akawal bai ji ciwo ba?" Na ce lafiyarsa ƙalau, sai cin dusa. Sannan ta rubuta cewa ta san wani abu ya faru tun kafin ya zabura, ta ga kunnuwansa sun juya baya, ta ji bayansa ya ƙulle a ƙarƙashinta. "Na sani, amma ban san abin da zan yi ba."

Na karɓi wayar na daɗe ina kallonta. Na rubuta, "Zan koya miki." Da ɗan yatsa ɗaya, har sau nawa ina gogewa.

Ta rubuta, "Yaya fa?" Na ce ki bar ni da shi.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na sami yayan a shagonsa, kayan lantarki yake sayarwa. Bai ba ni kujera ba, na ja ɗaya na zauna. Na yi niyyar in yi masa bayani dalla-dalla yadda ya kamata, sai shi ya riga ni.

Ya ce suna yara an bar masa ita a ƙofar gida, ya tafi ƙwallo, babur ya taho yana ta hon, ba ta ji ba. Ta yi wata da watanni a kwance. "Tun daga ranar ni ne kunnenta, Malam."

Na ce, "To ranar da ba ka nan fa?" Ya juya yana gyara kayan shago. Tambayar kuwa ba shi kaɗai ta kama ba, har da ni.

Na ce ya ba ni dama in koya mata abin da za ta yi da kanta, ba sai da shi ba, ba sai da ni ba. In ya ga bai gamsu ba, ni da kaina zan ce ta bari. Ya ce ai ko ya hana ma ta riga ta gaya masa za ta hau motar haya ta zo. Ya tura yaron shago ya sayo mini shayi.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Manaja ta ce a'a. Na ce to a nemi wani malamin gaba ɗaya. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Kai da ka roƙe ni in raba ka da ita?" Na ce ban tuna ba. Ta yarda, da sharaɗin sai likita ya sa hannu, kuma a koma kan Gwaggo tukuna. An kwashe duk wani fallen kwano daga wurin, ni na tsaya a kai.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Na fara koya wa yara yadda ake tsayar da doki in ya ƙwace. A ƙasa tukuna, da igiya a jikin shinge: zauna da nauyi, zame hannu ɗaya gaba, jawo zuwa cinya, doki ya shiga kewaya har ya tsaya. Sun ɗauka wasa ne, suna ta ƙyalƙyala dariya. Mai kitso biyu ta fi kowa iyawa. Dama na daɗe da niyyar shigar da wannan cikin darasi, lokaci ne bai samu ba.

Asabar, 13 ga Disamba

Jar Hula ta dawo, an kwance ɗauri. Mun yi ta maimaita abu ɗaya a kan Gwaggo, dama da hagu, a tafiya, a sassarfa, har Gwaggo ta fara juyawa da kanta don a ƙyale ta ta huta. Yayan yana rumfa. Bai kaɗa hannu ko sau ɗaya ba, sai dai ya shanye ruwan kowa.

Asabar, 3 ga Janairu

Ta koma kan Akawal makon jiya, yau kuma na buɗe ƙofar baya muka fita babban fili, ita a gaba, ni a baya a kan Gwaggo. Da gangan na bar ta a gaba.

Wajen bishiyoyin can wani kare ya faso daga ciyawa. Akawal ya yi tsalle gefe ya ɗauki gudu. Bakina ya buɗe, na ji iska ta cika ƙirjina. Kafin in yi komai ta zauna daram, hannu ya zame, ta karkato kansa, ya kewaya, ya sake kewayawa, ya tsaya yana huci. Ta shafa wuyansa. Sannan ta waiwayo ta ɗaga mini gira, wai yaya?

Da muka dawo na ja yayan bayan barga na ce ya nuna mini yadda ake cewa "madalla" da hannu. Ni ba na faɗa wa ɗalibai wannan kalmar, tana sa su sakaci. Amma tunda da hannu ne, ba faɗa ba ne. Na gwada a ɗakin sirdi har na ga ya zauna.

Tana cire wa Akawal linzami na je gabanta na yi. Ta tsaya tana kallona. Sai ta tuntsire da dariya, da murya, wata irin dariya mai kauri da ban taɓa ji ba, har ta jingina da dokin. Ashe tana da murya. Yayan ya ce na karkace hannun, abin da na ce shi ne abinci ya yi daɗi.

Ta gyara mini yatsu daga nesa, na sake. Wannan karon ba ta yi dariya ba, ta sunkuyar da kai ta shiga goge dokin, ta daɗe a gefe ɗaya.

Ba wai zan mayar da shi ɗabi'a ba ne. Amma mai kitso biyu ta riƙe duddugenta ƙasa tun farkon darasi har ƙarshe ranar Laraba, kuma ban ce mata komai ba. Mu ga wannan Larabar.